IDAN SANKARAR MAHAIFA TA DAWO: ABIN DA MUKA KOYO A HANYAR ASIBITI

(Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan kasuwa, a taron ƙungiya na wata-wata a Jos)

Shugaban taro, iyayenmu malamai, dattawan unguwanni, 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da samarinmu, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Jama'a, kun san mu. Mu ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne, karatunmu na allo ne da na Islamiyya. To amma masu magana sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Shekara biyu da wani abu muka yi muna zarya a asibitoci da ƙanwarmu, uwa ɗaya uba ɗaya, muna tambayar likitoci, muna sa yaranmu 'yan boko suna karanta mana takardu suna fassara mana. Abin da muka tsinto ke nan muka ga bai kamata mu riƙe shi mu kaɗai ba, tunda abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

YADDA ABIN YA SAME MU

Ƙanwar nan tamu ta haura arba'in da biyar, tana da 'ya'ya bakwai. Jini ya riƙa zubar mata ba lokacin al'ada ba, sa'an nan wani ruwa mai wari ya biyo baya. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa sai ƙawarta. Aka sha jiƙe-jiƙe, aka yi hayaƙi, aka ce basir ne, aka ce sanyi ne, har kusan shekara ta zagayo. Da muka kai ta asibiti, likita ya ɗebi ɗan nama daga bakin mahaifa aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, sankarar bakin mahaifa ce, ta kuma wuce inda za a yi mata tiyata. Aka ce sai gashi, kuma sai a wani gari.

Muka tafi, aka fara. Ana tsakiyar yi na'ura ta sami matsala, aka ce a jira. To a nan ne namu laifin ya shigo, kuma za mu faɗe shi a gabanku ba ɓoyo. Mun ga jini ya tsaya, ta fara cin abinci, kuɗin aljihu ya ja baya, ga Salla ta matso kasuwa ta buɗe. Muka ce bari mu dawo gida ta huta. Aikin da likita ya ce a gama cikin mako takwas, sai da ya ɗauke mu wata huɗu. Bayan shekara ɗaya da rabi ciwon baya ya taso mata, ƙafa ɗaya ta kumbura. Ciwo ya dawo. Likitan da muka gani ya ce mu kawo takardar gashin farko, ya ga ko nawa aka yi mata, kuma a wane wuri. Wallahi muka birkice gida ba mu same ta ba. Allah Ya yi mata rasuwa, Allah Ya jiƙanta da dukkan musulmi. Ajali dai ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma sakaci sunansa sakaci.

WANE IRIN CIWO NE?

Ciwon daji na mata iri-iri ne. Akwai na bakin mahaifa, akwai na cikin mahaifar kanta, wanda ya fi kama matan da suka daina al'ada, akwai kuma na ƙwan mace, wanda kan zo da kumburin ciki. A ƙasarmu na bakin mahaifa ne ya fi yawa a cikinsu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ta nuna mata wajen 12,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya a shekarar, wajen 8,000 kuma suka rasu. Nan gida ma, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, watau JUTH, sun buga wani bincike a 2016 a kan mata 65 masu wannan ciwo, suka tarar fiye da kashi 70 cikin 100 sun zo asibiti ne bayan ciwo ya yi nisa.

Abin da ke haddasa kusan dukkansa wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, ana ɗaukarta ta hanyar saduwa. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, har aka ba shi lambar Nobel a 2008. Ku lura da kyau, jama'a: ƙwayar nan ta zama ruwan dare, yawancin mutane maza da mata sukan ɗauke ta jiki ya kashe ta ba su ma sani ba. Macen da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya kamuwa. Tana kuma iya kwanciya shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta zama sankara. Saboda haka kada wanda ya kuskura ya zargi matarsa ko 'yar'uwarsa. Zargin nan yana daga cikin abin da ke sa mata ɓoyewa. Matan da ke ɗauke da cutar ƙanjamau kuwa haɗarinsu ya ninka har sau shida, su ya fi kamata su riƙa zuwa gwaji a kai a kai.

YADDA GASHI KE AIKI

Mutanenmu da sun ji an ce gashi sai hankalinsu ya tashi, su zaci wuta za a kara wa mutum. Ba haka abin yake ba. Haske ne mai ƙarfi, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ake saitawa daidai inda ciwo yake. Mara lafiya tana kwance minti kaɗan, ba ta jin zafi lokacin da ake yi. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani abu kamar littafin umarni, wanda da shi ne ƙwaya ke haifar wata. Hasken nan yana yayyaga wannan littafi. Ƙwayoyi masu lafiya sun fi iya ɗinke nasu kafin gobe, na sankara kuwa ba su kai su iyawa ba. Shi ya sa ake yi kaɗan-kaɗan, kwana biyar a mako, wajen mako biyar, watau kamar sau 25. Daga nan sai a yi gashin ciki, inda ake shigar da wani ɗan bututu har bakin mahaifa a haska ciwon daga kusa. Gashin cikin nan ba ƙari ba ne da za a ce in an ga dama, rabin magani ne.

Tun 1999, bayan manyan gwaje-gwaje biyar da aka yi a Amurka, likitoci suka tabbatar idan aka haɗa gashi da allurar kemo mai suna cisplatin, sau ɗaya a mako, mata sun fi tsira. Har yau a kan wannan ake tafiya. Sharaɗin kuwa shi ne a gama duka, na waje da na ciki, cikin mako takwas. Dalili, duk ranar da aka tsallake, ƙwayoyin da suka rage suna hayayyafa su cike gurbin waɗanda aka kashe. Kamar mai biyan bashi ne da ruwa ke hawa kansa, in ya tsaya hutu sai ya tarar bashin ya koma inda yake. Wani abin kuma, gashi ya fi cin ciwo idan akwai isasshen jini a jiki, mata masu wannan larura kuwa yawanci jininsu ya zube, sai an yi musu ƙari.

IDAN CIWO YA DAWO

Yawancin dawowar ciwo a shekara biyu zuwa uku na farko take faruwa. Shi ya sa likita ke cewa a riƙa komawa duk wata uku ko huɗu, ko da mace tana jin garau. Alamomin da za a kula da su: jini ko ruwa mai wari, ciwon baya ko ƙugu da ba ya lafawa, kumburin ƙafa ɗaya, wahalar fitsari, rama, da tarin da ya ƙi ji.

Tambayar farko da likita zai yi ita ce, an taɓa yi mata gashi ko ba a taɓa ba? Idan tiyata kaɗai aka yi mata a da, ciwon kuma ya dawo a mara bai bazu ba, to gashi da kemo suna iya warkar da ita sarai. Haka ma sankarar cikin mahaifa idan ta dawo a saman farji bayan tiyata, sau da yawa gashi na gamawa da ita. Amma idan an riga an gasa wurin, magana ta canja. Hanji da mafitsara da dubura duk maƙwabtan mahaifa ne, kowannensu yana da iyakar hasken da zai iya ɗauka a tsawon rai, kuma jiki ba ya mantawa da wanda aka yi masa. In an zarce iyaka sai su huje ko su tsuke. Yanzu akwai na'urori masu tsananin saiti da kan iya haska ɗan ƙaramin wuri sau uku zuwa biyar su bar maƙwabta, idan ciwon ya fito a wuri ɗaya ko biyu. To ko wannan ɗin ma, ba likitan da zai yarda ya sake gashi bai ga lissafin na farko ba. Kun ga amfanin takardar da muka ɓatar.

MAGUNGUNA MASU SAITI

Kemo kamar ruwan sama take, tana dukan duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, mai lafiya da marar lafiya, shi ya sa gashin kai ke zubewa. Sababbin magungunan kuwa, kowanne akwai abu guda da aka saita shi a kai. Bari mu kawo uku, mu kwatanta su da abin da muka sani a kasuwa.

Na farko bevacizumab, wanda aka fi sani da Avastin. Kasuwa ba ta ci sai da hanyar da motoci za su shigo da kaya. Haka sankara, tana aika saƙo jiki ya shimfiɗa mata sababbin jijiyoyin jini su riƙa kawo mata abinci. Wannan magani saƙon yake tarewa. A wani gwaji da aka yi da mata 452 waɗanda ciwonsu ya dawo ko ya bazu, waɗanda aka ba kemo kaɗai matsakaicin abin da suka ƙara a duniya wata 13 ne, waɗanda aka haɗa musu da Avastin kuwa wajen wata 17. A kan wannan ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2014.

Na biyu pembrolizumab, ana ce masa Keytruda. Jiki yana da 'yan gadinsa, watau garkuwar jiki. Sankara takan sa riga irin ta 'yan gida, mai gadi ya gan ta ya bar ta ta wuce. Wannan magani shi ke hana yaudarar ta ci. An amince da haɗa shi da kemo ga sankarar bakin mahaifa da ta dawo a 2021. A gwajinsa, matsakaicin ya tashi daga wajen wata 17 zuwa wajen wata 26. Akan gwada naman ciwon tukuna a ga ko yana da alamar da maganin ke bi.

Na uku olaparib, ƙwaya ce ta haɗiya, an fara amincewa da ita a 2014 domin sankarar ƙwan mace, musamman ga matan da suka gaji wata tawaya a jini da ake kira BRCA. Aikinta shi ne ta hana ƙwayar sankara ɗinke littafin nan nata idan ya yage.

HAƊA SU DA GASHI

To a nan ne masana suka yi tunani. Tunda gashi yayyagawa yake, ga kuma maganin da ke hana ɗinki, me zai hana a haɗa? Tunda gashi na fasa ƙwayoyin sankara ya tona asirinsu ga 'yan gadin jiki, me zai hana a zo da maganin da ke farkar da 'yan gadin? Tunanin yana da kyau, amma mu 'yan kasuwa mun san lissafin takarda daban, abin da ke shiga aljihu daban.

Ga abin da ya tabbata. An gwada Keytruda tare da gashi da cisplatin a kan mata 1,060 a ƙasashe da dama. Bayan shekara uku, wajen 83 cikin 100 na waɗanda suka sami maganin suna raye, a ɗaya ɓangaren kuwa wajen 75. Aka amince da shi a Amurka a watan Janairu 2024. Sai dai ku riƙe wannan: matan nan jinyarsu ta farko ce, ciwonsu ya yi nisa amma ba a taɓa gasa su ba. Wani magani ɗan'uwansa mai suna durvalumab, an gwada shi ta wannan hanya, sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna ya ƙara wani abin kirki ba. Haɗa irin su olaparib da gashi lokaci guda ga ciwon da ya dawo kuwa, aikin masu bincike ne, bai zama hanyar jinya ta kullum ba.

Ga kuma haɗarin da ya kamata kowane mai gida ya sani. A gwajin nan na Avastin, mata wajen 15 cikin 100 sun sami yoyo, watau hujewa tsakanin farji da mafitsara ko hanji, alhali a masu kemo kaɗai wajen 1 ce cikin 100. Dukkan waɗanda abin ya sama kuwa an taɓa yi musu gashi a baya. Dalilin a fili yake: naman da aka gasa yana neman jini domin ya warke, maganin kuma hanyar jini yake toshewa. Mu mutanen Jos ba a ba mu labarin yoyon fitsari, ga Jankwano nan muna ganin matan da ake kawowa daga nesa domin ɗinki. Yoyon da ya biyo bayan gashi kuwa ya fi na haihuwa wuyar gyara nesa ba kusa ba. Ban da wannan, Avastin na kawo hawan jini da daskarewar jini a jijiya. Keytruda kuma wani lokaci yakan sa 'yan gadin su juya kan jikin mai shi, su taɓa huhu ko hanji ko maƙoshi.

Sai maganar kuɗi. Farashin Keytruda a Amurka ya haura dala 10,000 a kowace allura, ana kuma yin ta duk mako uku. Ku da kanku ku juya shi zuwa naira. Mun san gidajen da aka sayar da fili da shago a kan jinya. Ba mu ce kada a nema ba, mai hali ya nema. Amma kafin a sayar da gidan da marayu za su zauna, a zauna da likita a yi masa tambaya irin ta ciniki. Wannan magani warkarwa ake nufi da shi, ko ƙarin lokaci da sauƙi? Sau nawa za a yi, nawa ne jimla? Da gashin da aka yi mata a baya, mene ne haɗarin yoyo? In ba mu iya ba, me ya rage? Domin ko an kai inda ba warkewa, akwai maganin ciwo mai ƙarfi, akwai gajeren gashi na 'yan kwanaki da ke tsayar da jini ya rage raɗaɗi. Bai halatta a bar mace tana kwana tana ihu ba don an ce ciwo ya fi ƙarfi. Kuma ita mai jikin a sa ta a shawara, kada a yanke a bayan idonta.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Duk wannan bayani wuri guda ya nufa. Gashin farko shi ne babban jari. Magungunan da ake zuwa da su bayan ciwo ya dawo, masu tsada ne, yawanci watanni suke ƙarawa. Gashin farko da aka gama cikin mako takwas kuwa yana iya ba mace sauran rayuwarta. Kuma abin da ke katse shi sau da yawa yana hannunmu ne mu maza: izini, kuɗin mota, masauki, da mai jinya.

Shekara da shekaru matan Jos da aka rubuta wa gashi, asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko Asibitin Ƙasa na Abuja ake tura su. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ambaci asibitoci shida da za a kafa wa cibiyoyin ciwon daji na zamani, har da namu na Lamingo, a 2025 kuma aka buɗe na Katsina da Inugu da Binin. Akwai kuma asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa hali da gwamnati ta fara a 2021, wanda ya ƙunshi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, asibitocin Zariya da Abuja da Gwambe suna cikin waɗanda aka fara da su. Duk wanda aka tura, ya tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin yadda ake shiga.

Saboda haka muna roƙon shugabanni su duba waɗannan shawarwari. Ɗaya, a ware wani abu daga kuɗin wata-wata domin mota da masaukin duk matar da aka tura gashi, a ba da shi gaba ɗaya na mako takwas tun ranar tafiya. Biyu, 'yan'uwanmu da ke da gidaje ko abokan ciniki a Zariya da Abuja su ba da sunayensu, domin baƙo ya sami wurin sauka. Uku, samarinmu na Gangare da Anguwar Rogo da Rikkos da Dilimi su rubuta sunayensu da rukunin jininsu wajen sakatare. Huɗu, duk wanda aka sallami matarsa daga gashi, kada ya baro asibiti sai da takardar da ta nuna adadin da aka yi da wurin da aka yi, ya yi mata hoto biyu, ya adana ta inda yake adana takardar fili.

Na biyar shi ne mafi araha. Tun ranar 24 ga Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, allura ɗaya tak, ya kuma iso Jihar Filato a watan Mayu 2024. Yana kare su daga nau'i biyu na ƙwayar, na 16 da na 18, waɗanda su ke kawo wajen kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Mun ji ana raɗe-raɗin wai yana hana haihuwa. Jama'a, tun 2006 ake yin allurar nan a duniya, waɗanda aka fara yi wa sun yi aure sun hayayyafa. Abin da muka gani da idonmu yana raba mace da mahaifarta shi ne ciwon kansa. Mu dai mun kai 'ya'yan marigayiya mata da namu. Matan aure kuma daga shekara talatin su je gwajin bakin mahaifa, ana yi a JUTH, minti kaɗan ne, kuma mace na iya roƙon mace 'yar'uwarta ta duba ta.

Iyayenmu mata, ku ne ake fara gaya wa. Idan 'yarku ko ƙanwarku ta ce tana ganin jini bayan saduwa, ko bayan ta daina al'ada, kada ku ce a jira a gani, ku sa a kai ta asibiti cikin makon. Iyayenmu malamai, ku kuka karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali, muna roƙo ku riƙa tuna wa mazaje wannan a wajen karatu.

Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure likitocin da ke cikinmu su gyara mana, ba za mu ji haushi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba garinmu zaman lafiya.